Gida na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Dakta Magawata ya ce in tafi Yauri.
Ya ba ni takunkumi biyu, man wanke hannu kwalba ɗaya,
da tambayoyi arba'in da bakwai a cikin waya.
Ya ce, "Tsaya nesa, taku uku.
Abin da aka faɗa shi za ka danna,
kada ka ƙara abin da ba mu tambaya ba."

Na iske jirage a ɗaure a bakin Kwara
kamar awakin da mai su ya yi doguwar tafiya.
Mako na biyar kasuwa a rufe.
Motocin kudu da kan zo ɗaukar banda
ko ƙahonsu ba a ƙara ji ba.

Tumba tana iza wuta a ƙarƙashin kifin
da ba ta san mai sayensa ba.
Na yi sallama ta bayan ƙyalle,
ta ce, "Ɗan wa ke nan da ba shi da baki?"

Tambaya ta tara: sau nawa aka ci jiya a gidan nan?
Akwai ɗaya, akwai biyu, akwai uku.
Ta ce, "Wa kake nufi?
Jikoki sun ci biyu.
Malam ya ci ɗaya, don maganinsa ba ya son ciki wayam.
Ni kuwa na ɗanɗana gishirin miya."
Na dubi waya, waya ta dube ni.
Na danna biyu.
Har yau wannan biyun bai daina bi na ba.

Ta ashirin: kun sami tallafi?
Ta yi dariya har hayaƙi ya sarƙe ta.
"Mun ji shi a rediyo, yana nan lafiya.
An ce ya kwana a sakatariya,
da safe ya bi masu lambar banki.
Ni ga tawa lambar."
Ta miƙo bayan hannu, duk tabon wuta.

"Shekarar ambaliya an rubuta ni.
Gabanin zaɓe an rubuta ni.
Yau kuma ga ka.
Yaro, wa ke cin takardun nan, gara ko mutane?"

Ban gaya mata ɗari biyar nake karɓa kan kowane gida ba.
Ban ce makarantarmu a kulle take ba,
ko motar babana tana tasha, ciyawa ta fito ƙarƙashinta,
ko cewa yunwar gidanta ce
za ta auna mana shinkafa a wannan mako.

Na tambayi rediyo, keke, firji, awaki.
Muna ciki kwanon gero ya ƙetaro katanga,
hannu kawai na gani, da warwaro ɗaya.
Na duba sama, na duba ƙasa,
ban ga gurbin maƙwabciya ba.

Da na miƙe ta naɗe tarwaɗa uku a takardar siminti.
Na ce an hana mu karɓa.
Ta ce, "Ni ba a hana ni bayarwa ba."

Bayan wata bakwai rahoto ya fito, bango mai sheƙi.
An yi taro ta kwamfuta, manya sun gyaɗa kai,
layi ya yanke ana tsakiyar shawarwari.
Ban ce aikin banza ba ne.
Wanda ba a ƙirga ba, ko a rabon gado mantawa ake da shi.
Sai dai na buɗe shafi na sittin da biyu na neme ta:
gida na ɗari biyu da sha huɗu,
mace, ba boko, ci biyu a yini.

A daren da na dawo daga Yauri
mu shida muka kewaye tarwaɗar nan da tuwo.
Da wani ya zo mana da waya washegari
ya ce sau nawa kuka ci jiya,
da na ce uku,
na ukun daga gidan da na rubuta ba su da komai.