Gwiwar Hagu

Zauna, Cindo. Cire takalmin.
Kada ka ce mini ba komai,
tun daga bakin fili na hango ka
kana taka ƙasa a hankali
kamar mai gudun kada ya tashe ta daga barci.

Ga ƙanƙara.
Daga Sabon Gari na ɗauko ta a bayan keke,
rabi ya tsiyaye kafin in hau Tudun Wada.
Naɗe ta a tsumma, ɗora ƙafar bisa bokiti.
Minti goma sha biyar. Ni zan duba agogo.

Gajiya daban, ciwo daban.
Gajiya baƙuwar kwana ɗaya ce,
ruwa take so, da tuwo mai zafi,
da barci tun daga sallame isha'i,
gari na wayewa ta yi maka sallama.
Ciwo kuwa ɗan aike ne.
In ka toshe masa baki
wanda ya aiko shi zai taso da kansa.

Na san abin da ka cusa a safa.
Guda biyu ne, a ƙulle cikin leda.

Ni ma na haɗiya.
Barau Walƙiya ake ce mini, mai lamba bakwai.
Gwiwa ta ce tsaya,
koci ya ce saura wasa ɗaya tak,
na kora biyu da ruwan famfo, na ɗaure da bandeji.
Na ci ƙwallon kuwa, ana saura minti huɗu.
Daga fili har Ƙofar Doka
a kafaɗun mutane na tafi,
ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.
Ashe koya mata suke yi.

A Shika likita ya ɗaga hoton ga fitila,
ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, wa ya bar ka ka yi gudu a kan wannan?
Na waiga hagu, na waiga dama,
daga ni sai ƙanwata riƙe da fulas.

Kofin yana gidan shugaban kulob,
na ji an ce allura da zare ake ajiyewa a ciki.
Ni ko shekara goma sha tara ke nan
a kujerar roba nake salla,
can ƙarshen sahu, tare da sa'annin babana.
Goshina yana kewar ƙasa, Cindo.
In hadari ya haɗo ta wajen Kufena
gwiwata ce ke fara samun labari.

Miƙo su nan.
Asabar a benci za ka zauna, kusa da ni.
Na sani, an ce wani zai zo daga Legas da ɗan littafi.
In bai dawo ba wani zai zo.
Na zaga 'yan kayan gyara rumfa rumfa,
akwai na tirela, akwai na babur,
ban ga mai sayar da gwiwa ba.

Harare ni da kyau, na saba.

Yanzu juya rub da ciki,
sha-raɓarka ta ƙulle kamar curin rogo.
Bari in shafa man zafi in murza.
Ja numfashi. Sake.
Wannan zafin na hannuna ne,
shi kam ka jure.