Wutsiyar Aikatau

Daga aikin dare na sauko,
warin sifirit bai bar yatsuna ba,
na zauna a benci na uku
a ajin Malam Yila, bayan Tashar Dukku,
inda fanka ke juyawa kamar an yi mata dole.

Ya rubuta give up a allo,
ya ce, "Hajjo, mayar mana da shi Jamusanci."

Na san ta farko, bayarwa ce.
Na san ta biyu, sama ce.
To wa ke miƙa wa sama abu
in ba mai addu'a ba?
Aji ya kwashe da dariya. Malam bai yi ba.
Ya ce in sun haɗu kar a nemi kowacce,
gishiri ne ya shiga miya.

Aufgeben, in ji shi.
Sai dai Bajamushe ba ya barin ta a haɗe:
yakan cire kan,
ya jefa can ƙarshen zance ya zama wutsiya.
Ich gebe, ina bayarwa,
sai ki jira,
a zuba yau, a zuba dalili, a zuba gajiyar shekara bakwai,
kafin 'yar ƙaramar auf ta iso a makare
kamar motar Kumo ranar kasuwa,
ta faɗa miki kyauta aka yi
ko an saduda.

Da dare na haska ƙamus da fitilar waya.
Ashe da kalmar nan dai
ake miƙa akwati a filin jirgi,
a ɗaura masa lamba, bel ya tafi da shi.
Na tuna hanyar Lawanti.
Na tuna albashin da ke ƙarewa ran sha biyu ga wata,
da gado na tara, tsohon da ba ya yarda da allura
sai daga hannuna.

Dada tana tsintar wake a tire.
"Me aka koya muku yau?"
Na ce sallamawa.
Ba ta ɗago ba.
"Sallamar kaya, ko ta mutane?"

Ga littafina a buɗe har yanzu.
Na rubuta Ich gebe,
na bar fili mai faɗin tabarmarta.
Biro na hannuna.
Ban sa wutsiyar ba tukuna.