Kwana Goma Sha Tara a Bradford

Ƙarfe uku da rabi na rana, duhu ya riga ya sauko
kan rufin gidajen Manningham.
Ban sa komai a baki ba tun asuba,
sai ragowar shayin Habibu da ya huce a kofi.

Da a Gumel ne, da yanzu Iya Tasallah ta ɗora tukunya,
ganyen darbejiya na tafasa,
ta fyaɗa min ruwan zafi a baya tana min faɗa,
ta dama kunun kanwa, ta ce shanye, kar in ga saura.
Sau biyu ana hana ta biza.
Nan wankan jegona minti huɗu ne,
ƙofar banɗaki a buɗe, kunnena na wajen gado.

Shekaranjiya Moira ta zo, mai duba masu jego,
da jakarta da sikelin awon jarirai.
Ta miƙo min takardar tambayoyi:
kina dariya kamar da? Kina kuka ba dalili?
Duk na zaɓi amsar da za a ce madalla.
Wata a masallaci ta taɓa raɗa min
wai in kin faɗi gaskiya, ɗauke ɗa suke yi.

Da dare na kira gida.
Yaya Hurera ta ce, shekara shida kina roƙo,
Allah ya ba ki, sai kuma kuka?
Yi istigfari. Uwa ba ta gajiya.
Goggo ta ce iska ce, za ta aiko da turaren hayaƙi.

Wallahi ina son yarinyar nan.
Sai dai son yana can nesa,
kamar fitilar bas cikin yayyafi,
ina tsaye a tasha, ina hango ta, ba ta iso ba.

Habibu na aikin dare.
Ni da Nusaiba da ƙarar firiji.
Ta farka, ta zuba min ido,
kallon wanda bai san ana kunya ba.

Katin Moira na liƙe a jikin firiji.
Na jira gari ya waye, na goya Nusaiba da zanin da Iya ta aiko,
na danna lambar da hannu yana rawa.
Ta ɗauka.
Na ce, takardar nan ta rannan,
kina da wata?