Matakala Ɗari da Sittin da Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina bayan sitiyari,
ina kwasar mutanen Valparaiso daga bakin teku
ina zube su a kan tsaunuka.
Na san kowace kwana, kowane rami a kwalta,
amma mutanen garina
ta madubi kawai na san su, rabin fuska, rabin fuska.

Ranar da Likita Quilodrán ta kwance awo daga damtsena
ba ta ja zance ba.
Ta ce: Baldomero, jininka ya fi tsaunin unguwarku hawa,
sukari kuma ya shigo ba sallama.
Ga ƙwayoyi. Sauran maganin
yana cikin takalminka.

Na yi dariya a gabanta. Na yi fushi a gida.
Da gari ya waye na fita.

Matakala ɗari da sittin da biyu
tsakanin ƙofata da kasuwar kifi.
Gangara ba gwaninta ba ce, ko dutse ya iya.
Hawan ne ya tona min asiri:
a ta arba'in na zube ina haki kamar tsohon inji,
gwiwa na kuka, ƙirji na luguden daka,
wani kare mai kunne ɗaya ya tsuguna gefena
yana yi min kallon tausayi.

Nan Eulalia ta leƙo ta taga.
Maƙwabciyata ce tun kafin a haifi 'yata,
ban taɓa jin muryarta ba sai ranar.
Ta miƙo ruwa a kofin gwangwani,
ta ce: gobe ka ƙwanƙwasa min,
ni ma ina marmarin ganin teku kusa,
tsoron faɗuwa ba kowa a gefena ne ya kulle ni.

Kashegari muka zama biyu.
Kafin sanyin Yuli ya wuce mun zama bakwai.
Akwai Evaristo mai gyaran agogo,
wanda bakinsa ya mutu tun rasuwar matarsa;
sati uku yana bin mu shiru kamar inuwa,
ran nan a kan gangara ya ce, kun ji ƙamshin burodi?
Daga nan ba mu ƙara samun sararin magana ba.
Akwai Nélida da jikanta mai ciwon asma,
shi ne mai ƙirga mana matakala,
kullum sai ya yi kuskure a saba'in, mu koma da dariya.

Da ƙafa na gano garin yana da wari da ƙamshi,
gishiri da safe, albasa da tsakar rana,
na gano akwai bishiyar lemo a bayan gidan fenti shuɗi
da na wuce sau dubu ban gani ba.
Mukan tsinci leda da kwalabe a hanya,
ba don wani ya sa mu ba,
ido ne idan ya matso kusa da ƙasa ba ya iya kawar da kai.

Ban ce na wanke sararin sama ba.
Mota ɗaya ce tak ta yi shiru a cikin dubbai.
Tana nan a ƙofar gida, kyanwa ta mayar da ita gado,
hayaƙin da take tofa wa yaran layinmu kowace asuba
ya ƙare, iyakar abin da zan iya rantsuwa a kai ke nan.

Likita ta sake awo a watan tara.
Ta kalli allura, ta kalle ni, ta rage ƙwaya ɗaya.
Ɗamarata ma ta matsa huda biyu.

Har yau nakan zauna a matakala ta arba'in.
Ba haki ba ne yanzu.
Eulalia ce ke tafe a hankali, hannu a bango,
Evaristo na ba ta labarin da ta ji jiya,
karen nan kuma ya riga mu,
yana can sama yana waiwaye.