Motar Dare a Detroit

Shekara ashirin da uku ina jan bas a layin nan,
na san ramukan titin kamar giɓin bakina.
Ga masana'antar da babana ya ƙare ƙarfinsa a walda,
yanzu tantabaru ke shiga aikin safe,
ciyawa ta fasa siminti tana hawa matakala.
Ga gidan su Odessa, ba rufi, ba ƙyaure,
lambar gidan ce kawai ta ƙi faɗuwa,
har yau tana jiran mai kawo wasiƙa.

Lemuel yakan shiga a tasha ta tara,
ƙarfe goma saura kwata, da baƙin akwati a hammata.
Ƙaho ne a ciki, na tagulla, na aro.
Ba ya busawa a mota, sai dai yatsunsa
su yi ta rawa a kan ƙarfen kujera.
Wata rana kuɗinsa ba sa cika.
Sai in dubi titi, kamar ban gani ba.

Daren Talata, dusar ƙanƙara na zuba,
na tarar da fitila ja da shuɗiya tana lasar bango.
Wai an yi sata, wai ɓarawon baƙi ne.
To a unguwar nan wane ne ba baƙi ba?
Ya ce, "Yallaɓai, ƙaho ne, bari in buɗe."
Hannunsa bai kai ga makulli ba.
Gwiwa a wuya, kunci a kwalta,
kulki ya sauka daidai inda busa ke fita.
Na ƙirga huɗu, daga nan lissafi ya ƙwace mini.
Ina riƙe da sitiyari, ƙofa a buɗe,
mutum goma sha ɗaya a bayana, ba mai ko tari.
Wani mai kaki ya ɗaga hannu ya ce, "Wuce."
Na wuce.
In kuna rubutawa, ku sa har da wannan:
na wuce.

Kwana biyu gari ya yi shirun tukunya a kan wuta,
a na uku murfi ya tashi.
Fushi bai san gidan mai laifi ba.
Ya je ofishin 'yan sanda, ya iske shinge da bakin bindiga,
sai ya juyo ya ci na gida.
Kantin magani ya kama. Wurin wanki ya kama.
Shagon Najib ya kama,
Najib mutumin Iraƙi
mai ba mu madara bashi yana ƙunƙuni.
Da asuba na gan shi da tsintsiya a cikin toka,
yana sharar abin da ba ya sharuwa.

Masu kyamara suka zo daga unguwannin da fitila ke ci,
suka ɗauki hoton wuta ta kowace kusurwa,
suka ce, "Kun ga halinsu."
Ba wanda ya tambayi inda ƙahon yake.
Aka kafa kwamiti, aka sha ruwan gora,
mai kulki ya tafi hutu da albashinsa.

Yanzu tsoho Cleophus sai ya yi tafiyar minti arba'in
kafin ya sami maganin hawan jini,
yana gyangyaɗi, takardar likita a tafin hannu.
Najib ya tattara ya koma bayan gari.
Inda shagonsa yake, wani ya shuka kabeji,
wani ya zo ya jefar da katifa.

Jiya Lemuel ya shiga a tasha ta tara.
An ɗaure muƙamuƙinsa da waya,
ba akwati, hannaye a aljihu.
Na sa tafina na rufe bakin asusun kuɗin mota.
Ya dube ni, duban da ba zagi a ciki,
da ma zagin ya yi, da na sami abin riƙewa.
Ya ture hannuna a hankali,
ya jefa kuɗinsa cif, ba ragin ko sisi,
ya tafi can kujerar ƙarshe.

Na yi ta satar kallon madubi har tashar ƙarshe,
ko yatsun nan za su fito.