Babban Yatsa

Kwana biyu yake saukowa daga tsaunukan Lamjung,
sanda a hagu, Sunmaya a dama,
don ya shaida wa ofishin fansho na Pokhara
cewa bai mutu ba tukuna.

Ni ne akawun taga ta uku.
Takarda ta ce: a dangwala babban yatsan dama.
Tekman Gurung ya miƙo hannu yana murmushi.
Yatsu huɗu.
"Na biyar yana can yana gadi," in ji shi,
"a kan wani dutse da ƙanƙara ta binne.
Har yau ba a sallame shi ba."

Na yi dariya, dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro.

Sunmaya ba ta yi ba.
Ita ta san daren da ruwa ke dukan kwano,
ya zabura yana ƙirga mutanensa,
kullum saura biyu.
Ita ta noma gefen tudu shekara goma sha bakwai,
ta haihu, ta yaye, ta binne suruka,
wasiƙa tana hanya.
Ba lambar yabo a ƙirjinta,
sai kantar da igiyar kwando ta bari a goshi.

Na bar tagar. Doka ba ta ce ba.
Na jawo kujera biyu, na aika a kawo shayi,
na kama hannunsa na hagu
na kai shi ga tawada
a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.

Bana kun sauko, Baba.
Baɗi ni zan hau.