Ƙaryar Wata

A Pemba ba ma fita sai wata ya ɓuya.
Kakana Shaame ya ce,
wa zai sayi jabu, na gaske yana rataye a sama?

Daren ashirin da takwas muka tura jirgi,
ni da shi da Kombo mai tari,
fitilar famfo uku, kananzir a tsohuwar kwalbar magani.
Ƙamshin kanumfarin da aka shanya a gari
ya rako mu har bakin murjani, ya juya.

Kaka ya buga famfo, lagwani ya yi fari.
Ya sagala fitila a sanda, ta leƙa ruwa.
Ya ce, yi shiru, Bimkubwa,
teku ba kurma ba ce.

Na daɗe ban ga komai ba sai fuskata.
Can sai wasu 'yan mitsi-mitsi kamar tsaki,
masu ido, masu ƙafa, suna ta wutsil-wutsil,
ashe ruwan da nake wanka da shi gari ne guda.
Bayansu dagaa, dubu kan dubu,
kamar an zazzage kwandon allura,
su juya dama tare, su juya hagu tare,
ba mai kira, ba mai amsawa.
Wani mai hannu goma ya tsaya a gefen haske,
ya yi ja, ya yi toka-toka, ya yi shawara,
ya tofa mana tawada ya wuce.

Kombo ya kama bakin koma.

Sai ƙasan jirgi ya yi duhu.
Wani abu ya taso, faɗinsa ya fi tabarmar sallar mutum uku,
baki buɗe, ciki fari fat,
ya yi alkafura a tsakiyar hasken,
ya sake, ya sake,
har fiffikensa ya shafi katakon da nake durƙushe.
Sunansa a bakinmu ɗaya ne da na fitila: taa.

Kaka ya dafa hannun Kombo.
Ya ce, mu muka yi kiran,
ba a jefa wa baƙo raga yana cin abinci.

Da asuba bokiti biyu muka sauke, na maƙwabta tara.
Inna ta ƙirga, ta dube mu, ba ta ce uffan ba.
Ni kuwa da na rufe ido a aji ranar,
farin cikin nan ne ke juyawa,
hannuna yana warin kananzir.